Jan Ƙanzon Iya Tabawa

Ana idar da sallar asuba wata Asabar, mako uku da suka wuce, muka tashi daga Kumbotso. Ƙanena ne ke tuƙi, ni ina gefensa, matarsa tana baya ta rungume wata ƙatuwar kula wadda babu komai a cikinta. Ku da kuke bibiyata kun san halina, in na fita sai na dawo muku da labarin inda ake tsire mai kyau da inda ake cutar mutane da miyar ruwa. To wannan karon ba yawon kwaɗayi ne ya fitar da ni ba, kuma tun yanzu ina gaya muku labarin ba mai daɗi ba ne.

Umma, mahaifiyarmu, ta daɗe a kwance. Tun da aka sallamo ta daga asibiti ta rufe bakinta da abinci. Kunun gyaɗa, farfesun kaza, faten dankali, babu abin da ban dafa ba, sai ta kalla ta juya fuska bango. Likitan da ke zuwa duba ta a gida ya ce in ya dawo ranar Litinin bai ga ta fara ci ba, dole a mayar da ita asibiti a zura mata robar abinci ta hanci. Umma kuwa ta ga yadda Abbanmu ya ƙare da robar nan, yana fizgewa ana ɗaure masa hannu, kuma tun a lokacin ta sa muka yi mata alƙawarin ba za a yi mata haka ba. Ga alƙawari, ga uwa tana narkewa a gabanmu. Ranar Juma'a da yamma ina goge mata fuska sai na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Da zan samu dafa-dukar Tabawa." Wallahi ji na yi kamar an yi mini albishir da kujerar Makka.

Bari in gaya muku ko wace ce Iya Tabawa. A Kura muka tashi, lokacin Abba yana aikin buɗe ruwa da rufe shi a gonakin noman rani. Iya Tabawa tana da rumfar abinci a bayan injinan casar shinkafa, kuma ita ce aminiyar Umma tun suna amare. Abu ɗaya take dafawa, dafa-duka, kullum ta Allah. Shinkafar gida ce wadda aka turara, da manja, da daddawa mai yawa, da busasshiyar tarwaɗa, da attaruhu da albasa mai lawashi, a kan wutar itace da ɓuntun shinkafar da take kwasowa daga bakin inji. Hayaƙin ɓuntun nan shi ke shiga abincin. Na ci dafa-duka a manyan gidajen abinci na cikin Kano, masu sanyin na'ura da cokali a naɗe cikin takarda, ban taɓa jin wadda ta kama ƙafarta ba.

Sai kuma ƙanzo. Kowace yamma in tukunya ta ƙare, Iya Tabawa takan kankare na gindin, ta baza a faifai ta ɗora kan rufin rumfa ya bushe. Ja ne wur saboda manja, yana ƙaras-ƙaras a baki. Ba ta sayar da shi ko nawa za ka ba ta. Gyara ce take yi wa wanda take so, kuma duk kwanon da zai tafi gidanmu sai ta ɗora na jiya a samansa. Ko bayan mun dawo Kumbotso, in wani zai shigo gari takan aiko wa Umma da abincin, da ƙanzonta a kai. Lambar wayar da muke da ita ta jikanta ce, ta daɗe da daina shiga, shi ya sa muka ce gara mu taka da ƙafarmu.

Titin Zariya da sassafe na manyan motoci ne. Daga mun wuce Kwanar Dawaki muka shiga tsakanin tirela da tifofin yashi, ƙanena yana tsaki yana zagin kowa, har da waɗanda ba su yi masa komai ba. A gidan mai ya tsaya yana kallon mita kamar mai kallon gawar ɗan'uwansa, aka zuba mana abin da bai kai rabin tanki ba da kuɗin da a da za su cika shi har a sayi burodi. Muka haye gadar Tamburawa, kogin ya ja baya sosai, sai masu haƙar yashi tsamo-tsamo a ciki tun rana ba ta fito ba.

A Karfi ya taka birki ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Kun san Karfi da masara. Mata da 'yanmata sun jera gasasshiya da dafaffiya a bakin titi, kafin ka sauke gilashi an zuro maka guda biyar. Na ce masa, "Kai yanzu uwarka na kwance kai kana ta cikinka?" Ya ce in ya faɗi a kan sitiyari ai sai a rasa mai kai kular gida. Ya fi ni gaskiya, sai na karɓi guda ɗaya ina harararsa. Masarar rani ce, zaƙi kamar an barbaɗa mata sukari, amma ta yi tsada, ukun da muka saya a da kuɗin sai a cika maka leda. Matarsa ta sayi gurasa bandashe wajen wani dattijo, ya jiƙa ta da ruwa, ya barbaɗe ta da ƙuli da yaji, ya yanka albasa da tumatir, ya kwarara man gyaɗa. Tumatirin yanka biyu ya sa, sirara kamar takarda. A ƙasar tumatir fa! Da ta yi magana sai ya ce, "Hajiya, in kin shiga ciki kya gani."

Mun shiga Kura hantsi ya fara ɗagawa. Garin ya cika ya batse, ba kamar yadda na bar shi ba. Injinan casa suna ta ruri ta ko'ina, an shanya shinkafa a kan tamfol har gefen kwalta, babura da adaidaita-sahu suna ratsawa da buhuna, ƙaiƙayi yana shiga ido da wuya. Na sa aka tsaya a kantin da muke sayen kayan kwalama muna yara. Mai kantin ya rasu, ɗansa ne a ciki, da gemu har ya fara furfura. Kwalaben nan na gilashi suna nan a kan kanta: alawar madara, tuwon madara, gullisuwa, kantun riɗi, gyaɗa mai gishiri. Umma tana son kantu, tana son alawar madara, don haka na ce a ɗaura mini kowanne. Sai dai komai ya ƙanƙance. Alawar madarar da a da take cika tafin hannu yanzu ba ta wuce ɗan yatsa ba, kuma da na gutsura na ji fulawa ta fi madarar yawa. Na gaya masa. Ya ce in ya sa madara yadda babansa ke sawa, babu yaron da zai iya saye a garin nan.

Daga nan muka zaga bayan injinan. Rumfar tana nan, amma an kifa bencina, murhun ya yi sanyi har akuya ta kwanta a ciki. Na shiga waige-waige ina neman wanda zan tambaya. Wani mai shayi da ke gefe ya ce mu kwantar da hankalinmu, ciwon ƙafa ne ya matsa wa Iya Tabawa, tun kafin azumi ta koma ƙauye wajen 'yarta ta hanyar Bunkure, kuma a can ma ba ta fasa ba, tana dafa wa 'yan ƙwadagon gona. Ya ce ko makon jiya wani direba ya zo masa da labarin ya ci. Ya kwatanta mana hanya, na saya masa shayin da ban sha ba saboda murna.

Muka bar kwalta muka bi hanyar da ke gefen kanal, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin. Rabona da wurin nan tun ina budurwa. Ruwan yana nan yana tafiya a hankali, sai dai kaca-kaca da ciyawa da ledoji, wasu wuraren simintin ya farfashe. Gonakin shinkafa kore shar, albasa ma ta yi kyau. Amma tumatir, innalillahi! Fili guda tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya ya ƙone ƙurmus kamar an bi shi da wuta. Tsutsar nan ce da manoma ke kira sharon. Mun tsaya tambayar hanya wajen wani mutum da ke zaune a kan kwandunan da babu komai a ciki, ya tsinko tumatir ɗaya ya matse mana, ciki baƙi, tsutsa tana motsi. Ya ce feshi babu irin wanda bai yi ba. Bai roƙe mu komai ba, ya nuna mana hanya da haɓa ya koma ya zauna. A nan na gane yankan dattijon Karfi.

Rana ta take sosai lokacin da muka tsaya a wata 'yar mararraba inda mata ke sayar wa masu aikin gona abinci a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Akwai ɗanwake, akwai garau-garau, akwai awara tana soyuwa. Ƙanena ya ci ɗanwake na mai da yaji, ya ce ya yi kanwa, amma bai bar ko ɗaya ba. Ni fura na saya wajen wata Bafulatana, ta dama mini da kindirmo mai sanyin ƙwarya, ita kaɗai ce abin da na ci a tafiyar nan na ji ta kamar da. Na lura ma'aikatan suna sayen abinci rabin kwano, su ci, su sha ruwa da yawa a kai. Ƙarti ne majiya ƙarfi masu wuni cikin taɓo. Na kasa shanye furar, na miƙa wa matar ƙanena.

Ƙamshin ne ya fara tarar mu tun kafin mu ga gidan. Manja da daddawa da hayaƙin ɓuntu. Na daki kafaɗar ƙanena na ce, "Alhamdu lillahi, ta ɗora! Wallahi ita ce!" Har na fara gyara mayafi ina dariya. Muna shan kwana sai ga tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida, maza zaune jere sun sunkuyar da kai, ga butoci, ga takalma a tare gefe guda. Ƙanena ya kashe ta tun daga nesa, ya cire hularsa ya mayar.

Shi ya zauna wajen maza, mu muka shiga ciki. Hanne, 'yar Iya Tabawa wadda muka yi wasan ƙasa tare, tana ganina ta taso ta riƙe ni, muka durƙushe a tsakar gida. Ta ɗauka labari muka ji muka zo gaisuwa. Ta ce shekaranjiya ne da safe, Iya ta riga ta wanke shinkafa, ta hura wuta, sai ta zauna a kan turmi ta ce ƙirjinta. Kafin a samo mota ta cika. Yau sadakar uku. Hanne ta ce ta rasa abin da za ta dafa, sai ta ga mutanen da za su zo duk waɗanda suka saba cin abincin Iya ne, shi ne ta ɗora tukunyarta, ta yi yadda ta ga tana yi.

Na yi kuka, kuma ba zan ɓoye muku ba, rabin kukan na Iya Tabawa ne, rabi na Umma. Ina kuka ina satar kallon tukunyar. Da na samu sarari na ja Hanne gefe na gaya mata abin da ya kawo mu. Ta karɓi kular daga hannun matar ƙanena ta cika ta taf, ta tsinto manyan kifin ta jera a sama. Ni kuma da rashin tunani na buɗe jaka. Ta dafe hannuna. "Haba Yaya. Yau ba a sayarwa." Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Na ce, "Hanne, ƙanzo fa?"

Ta ce na ƙarshen da Iya ta shanya yara sun cinye ranar rasuwar, kuma tun ranar ba a ɗora tukunyar ba sai yau. Na yau kuwa ba a kai gindin ba, ko an kai sai ya kwana ya bushe. Ba mu da kwanan da za mu jira.

A hanyar dawowa rigima ta kaure. Matar ƙanena ta ce a gaya wa Umma gaskiya, aminiyarta ce, tana da haƙƙin ta yi mata addu'a. Na ce duk wanda ya buɗe baki ni da shi ne. Matar da ko ruwa da ƙyar take haɗiya, a ce mata Tabawa ta mutu, ai mun gama da ita. Ta ci tukuna, in ta yi ƙarfi a faɗa mata. Ƙanena ya ce shi dai direba ne. Haka yake tun yana yaro, in magana ta yi zafi sai ya zama ba ya nan.

Da muka fito Kura na sa aka tsaya a kasuwa, na bi layin masu kuka da kuɓewa har na samu mai ƙanzo. Irin na tuwon shinkafa ne wanda ake kwaɗo da shi, fari fat. Na saya, na sayi manja na ƙaramar kwalba, na zauna a bayan mota ina shafa wa kowane ɓari da yatsa, ina jerawa a kan murfin kula ya sha rana. Matar ƙanena tana kallona ta ce, "Yaya, Umma fa ce." Na ce ta yi mini shiru. Kafin mu kai Tamburawa ya yi ja, har ni na fara yarda da shi.

Bayan la'asar muka iso gida. Na zuba abincin a kwanon Umma na tangaran, na ɗora ƙanzon a kai, na jera kantu da alawar madara a gefe, na shiga da fara'ar da na aro. Tun daga ƙofa ta buɗe ido. Ƙamshin ya isa gare ta, na ga hancinta ya motsa, ta yunƙura da kanta muka tayar da ita muka jingina ta da filo. Na ce, "Umma, ga shi. Iya Tabawa tana gaishe ki, ta ce Allah ya ba ki lafiya."

Ba ta taɓa shinkafar ba. Ƙanzon ta fara ɗauka, kamar yadda ta saba. Ta juya shi, ta kalli man da ya ɓata mata yatsa, ta kai hanci. Sannan ta sa hannu biyu, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ɓalla shi. Cikinsa fari.

Ni 'yar fari ce, Umma ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Ke." Na ce na'am. Ta ce, "Tabawa ba ta kwana ba ta ɗora tukunya ba. Ranar da ta haifi Hanne ma sai da ta sa aka ɗora. Yaushe ne?"

Matar ƙanena ce daga bakin ƙofa ta ce, "Shekaranjiya, Umma."

Ta yi salati, ta yi istirja'i, ta rufe ido. Hawaye ya bi gefen fuskarta ya shiga kunne. Na ce shi ke nan, na kashe ta da hannuna, na miƙa hannu zan ɗauke kwanon. Sai ta riƙe gefensa.

"Wannan na sadakar uku ne ke nan."

Na ce eh.

"To ina za ki kai shi? Sadaka in ba a ci ba, ta ina ladan zai same ta? Wanke mini hannu."

Na wanke mata. Ta ture farin ƙanzon gefe, ta yi bismilla, ta kai loma. Ta daɗe tana taunawa, na ga maƙogwaronta yana fama kafin ta wuce. Ta ce, "Allah ya kai haske kabarinki, Tabawa." Ta sake kai wata, ta sake faɗa. Haka ta yi ta yi, loma da addu'a, tana kuka tana ci, mu muna tsaye muna amin, har ta ci kusan rabin kwanon. Ƙanena ya fita waje, na ji shi yana fyace hanci. Da ta gama ta ce gishirin Hanne ya ɗan yi yawa, amma yarinyar ta yi ƙoƙari.

Ranar Litinin likita ya zo, ya ce tunda ta fara ci a bar maganar roba. A zaure kuma ya gaya mana, ni da ƙanena, cewa ciwon yana nan inda yake, cin abinci ba zai kore shi ba, mu dai mu ci gaba da kula da ita. Mun gane abin da yake nufi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na tafi ina ganin ni ce mai dabara, zan ɓoye wa Umma mutuwa don ta rayu, ashe ta fi ni sanin yadda ake zama da ita. Kuma duk mai abincin da kuke so, wadda kuke cewa wata rana za ku koma ku ci na hannunta, ku tashi ku je. Shekara nawa ina cewa zan kai Umma Kura su wuni, Kura da ba ta fi tafiyar awa guda ba, ban kai ta ba.

Washegarin zuwan likitan wani direban motar shinkafa ya yi sallama da ƙullin leda daga Hanne. Ƙanzon tukunyar sadakar ne, ta kankare ta shanya, ja wur har ciki. Umma ta sa na zuba mata a gwangwanin madara, ta ajiye a gefen filo, ta hana kowa taɓawa. Kullum da safe takan ɓalli ɗan kaɗan ta sa a baki ta tsotsa, ta yi wa Tabawa addu'a, sannan ta yarda ta sha kunu. In ta yi barci nakan buɗe gwangwanin in leƙa. Yau da safe na ga ya ragu ya kusa rabi.